Dakalin da Babangida Ya Gina Mini

Godiya ta tabbata ga Allah da ya karɓi hannuna na hagu ya bar mini na dama da hankalina, ya kuwa bar mini mafi amfani. Da wannan hannun nake rubuta muku, ku 'ya'yana da jikokina, don akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a Goronyo, ta je Rabah, ta je Wurno, ta dawo. Wai babban ɗana Babangida ya yi fushi ya yar da ubansa a bakin gulbi bayan ciwo ya kayar da shi. Na ji ta a zaman makoki, na ji ta a wurin aski, har wata tsohuwa ta taɓa tare ni a hanya tana ba ni haƙuri. Ƙarya ce. Amma ƙaryar da aka gina a kan abin da ya faru ba ta mutuwa sai an faɗi abin da ya farun, to ga shi.

Kun san ni direba ne. Ƙuruciyata a kan sitiyari ta ƙare, ina ɗaukar albasa daga Goronyo da Wurno in kai Kurmi can kudu, in ɗauko goro ko manja in dawo. Albasa ba ta jiran kowa, ka tsaya ta ruɓe, don haka na tashi mutum mai gaggawa, mai faɗa, wanda ko layin alwala ba ya iya bi sai ya yi tsaki. Sai wata safiya na miƙa hannu zan ɗauki buta, buta ta ƙi ɗaukuwa. Hannun hagu ya mutu, ƙafa tana ja, baki ya karkace. Aka kai ni asibiti Sakkwato. Babangida ya taso daga Habuja inda yake aikin injiniya, ya tsaya a kaina har aka sallame ni, kuma wannan shi ne abu na farko da masu maganar ba sa faɗa. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce ni da mota yanzu sai dai a ɗauke ni. Baki ya dawo daidai a hankali, ƙafa ta ɗan saki, hannu dai ya tafi ke nan.

Ciwon jikin bai kai na zaman banza zafi ba. Na koma zaure na zauna. Manyan motoci suna wucewa a bakin titi, daga ƙarar inji ina sanin ta wane ce da wanda yake tuƙa ta, in ji kamar an soke ni. Na daina zuwa majalisa don ban son sannun mutane. Na daina cin abinci sai an yi da gaske. Uwarku Hajiya Inno, wadda ta sha faɗana tun muna da baƙin gashi, sai ga ta tana neman faɗan ta rasa. Takan ajiye kwano ta tsaya.

"Alhaji, ka ci ko loma guda. Tuwon ga ba shi yak kashe ma hannu ba."

"Ɗauke shi, ba ni ci."

"Tau ko zagina ka yi in san kana nan."

Ko zagin ban iya ba. Ni kaina na san ina tafiya ne a hankali, kuma ban damu ba.

Wanda ya fitar da ni maƙwabcina ne, Malam Bello, mutumin Maikujera, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya zauna Goronyo. Yana da wata tsohuwar Fijo da ba ta tashi sai an roƙe ta. Wata safiya ya tsayar da ita a ƙofar zaurena, bai ko kashe ta ba don ya san halinta.

"Tashi, Garba, mu tahi gulbi."

"In yi mi ga gulbi? Ni Basarke na, mai su?"

"Ka zamna ka yi kallo. Nan ma zamne kake, bango kaka kallo. Can ko ruwa na."

Shi da Hajiya Inno suka cusa ni a mota kamar buhu. Malam Bello ya iya koyar da yara, amma tuƙi Allah bai ba shi ba. Tun daga gari ya sa giya ta biyu ya manta da ita, inji yana kuka yana neman agaji, shi kuwa yana ba ni labarin kifi. Na daure, na daure, na kasa.

"Kai Bello, don girman Allah sake giya! Za ka kashe injin bayin Allah!"

Ya dube ni ya tuntsire da dariya har mota ta kusa shiga gonar mutane.

"Alhamdu lillahi, bakin ya warke. Saura ciki."

Ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, inda ruwa yake fitowa ya bi gulbin Rima, akwai wani lungu mai zurfi da itatuwan giyayya suka rufe. A nan na iske dattawa 'yan kaɗan, kowa da tabarmarsa da doguwar gora, sun yi shiru kamar masu jiran liman. Babu masunci ko ɗaya a cikinsu. Akwai Sani Tela na Rimawa, wanda idonsa ya daina ganin kafar allura amma yana ganin motsin zare a ruwa daga nesa, akwai wani tsohon malamin dabbobi, akwai mai sayar da hatsi da ya bar wa 'ya'yansa rumfa. Fatsa suke yi don nishaɗi, ba sa sayar da ko ƙaya. Kuma ba kowane kifi suke nema ba. Tarwaɗa in ta kama ba su ƙi ba, amma ita hadamammiya ce, ko tsumma ka sa mata ta haɗiye. Abin nemansu dumi ne, farinsa da baƙinsa, kifin nan mai kaurin leɓe da yake kiwo a ƙasan ruwa yana tsotsar gansakuka a jikin saiwoyi. Dumi ba ya cafkar ƙugiya, sai ya sunsuna, ya tsotsa, ya tofar, ya tafi ya yi shawara ya dawo.

Shi ya sa suke da wata hanya tasu da masunta suke yi wa dariya. Kowa yana da gurbinsa, kuma sai ya ciyar da gurbin kafin ya jefa ƙugiya. A kwaɓa dusar gero da garin ƙuli-ƙuli da ɗan yumɓu don ta nutse, a cura, a riƙa jefawa wuri guda kullum, mako da makonni, har dumi ya saba ya mai da wurin gidan cin abincinsa. Sai sannan a sa tuwon dawa a ƙugiya a jira. Ba mai jefawa a gurbin wani, ko da mai shi ya yi tafiya. Ƙaramin kifi da mai ƙwai a mayar da su ruwa. Masunta suna wucewa a jirgi suna cewa ga masu kiwon kifi nan, kun ba awakinku dusa? Sarkin Ruwa ya bar musu lungun, ya ce ba asarar da ya yi, don saiwoyin giyayya sun cika ƙasan, duk wanda ya jefa birgi a nan sai ya kwashe ragarsa a yage.

Ranar farko na ce wannan haukan masu hankali ne. Ni da na saba da cewa in ka tsaya ka yi asara, ga mutane suna zuba hatsi a ruwa da hannunsu suna jiran wanda bai yi musu alkawari ba. Amma washegari da Fijo ta tsaya, ban bari an cusa ni ba, da kaina na shiga. Ba a jima ba suka ba ni gurbi a ƙarƙashin wata babbar giyayya da ta kwanta rabinta a ruwa. Sani Tela ya kafa mini gwafa inda zan ɗora gora, ya ɗinka mini wata ɗamara ta fata mai aljihu a ciki inda zan tokare gindinta, don in iya ja da hannu ɗaya. Curin dusa su suke yi mini, amma jifa sun ce nawa ne.

"Kihi ya san hannun da ka ba shi," in ji Sani Tela. "In mu munka jehwa, namu na za shi zama."

Na san ba gaskiya ba ce, kifi bai san hannun kowa ba. So yake in motsa jiki, na kuwa motsa. Na ciyar da gurbin nan har na fara jin haushin kifin da ban taɓa gani ba. Ina zaune ina kallon 'yar totuwar kara da take yawo a kan ruwa, sai in farga an kira azahar ban tuna da mota ba ko sau ɗaya. Ranar da totuwar ta yi rawa, ta kwanta, ta nutse a hankali, na ja, na ji nauyi mai rai ya amsa mini daga ƙasa, wallahi na ji abin da ban ji ba tun ranar da na fara riƙe sitiyari. Malam Bello ya sa homa ya kwaso shi. Farin dumi ne, bai fi tsawon damtse ba. Na kai wa Hajiya Inno na ce a yi mini miya da shi, a sa yaji sosai, kuma kada a cika ruwa kamar ta jiya. Ta tsaya tana kallona, sai ta juya ta shiga madafa tana share ido da gefen zane, tana cewa faɗa ya dawo gida.

Haka na yi rani da damina a wurin nan, jikina ya dawo, na koma majalisa da masallacin Juma'a. Sai bayan kaka tsautsayi ya zo. Wani baƙin dumi ya kama, babba wanda ban taɓa jin irinsa ba, ya ja zare ya nufi saiwoyi. Na miƙe tsaye don in hana shi, abin da aka sha hana ni. Ƙafar da take ja ta taka laka, sai ga ni a ruwa har ƙirji. Sani Tela ya cafki wuyan rigata, Malam Bello ya kama shi ta baya, suna ihu.

"Saki gorar, Garba! Saki!"

"Ba ni saki!"

Suka fito da ni da gorar a hannu, kifin ya tsinke zare ya yi gabansa. Ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa, har dariya muka yi ta yi. Amma labari ba ya tafiya yadda aka haife shi. Kafin ya kai kasuwa na nutse, kafin ya kai Rabah wurin 'yata Hadiza masunta ne suka tsamo ni a sume, kafin ya kai Habuja kuwa an danna mini ciki na amayar da ruwa.

Babangida ya iso da mota, ya biya Rabah ya ɗauko Hadiza. Ku jikoki ba za ku gane ba, amma mu mutanen da ba ma sakin jiki da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, tsakaninmu gaisuwa ce da umarni. Saboda haka da ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ni da shi duka ba mu san yadda ake irin wannan magana ba.

"Baba, na gyara ma ɗaki. Akwai likita kusa, akwai mai kula da kai. Ka shirya mu tahi, kai da Inna."

"Ba ni zuwa."

"Baba, in da ruwan ga ya ci ka, mi za ni ce ma mutane? A ce ina da hali nib bar ubana shina kamun kihi awa wanda ba shi da kowa?"

Hadiza ta sa kuka tana cewa in dai kifi ne za a riƙa sayo mini kullum, wanda ya fi wannan girma. Na rasa yadda zan gaya musu ba kifin ba ne. Uwarsu ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ba ta dubi ɗan nata ba, bango ta duba kamar yadda ta saba.

"A hwaɗa ma wancan na Habuja, ni nig ga ubanai sa'ad da shika zamne nan ba ci ba magana. Shi bai gani ba, waya shika bugowa a ce mai da sauƙi. In yak kai shi can yas sa shi ɗaki mai sanyi, zaman nan na za ya komawa, kuma can babu Malam Bello. Ruwa na iya cin shi, gaskiya ta. Amma ɗaki ya riga ya hwara cin shi, ni ad da shaida."

Babangida ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja. Ya ce shi ke nan, Allah ya ba mu haƙuri, ya tashi. Abincin da aka dafa masa bai taɓa ba. Na ji tashin motarsa, na ji yadda ya sa giya da ƙarfi, na san ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Daga nan waya ta koma gaisuwa tsagwaronta, ita ma ta hannun uwarsa. Wata ya bi wata bai zo ba. Mutane suka ga mota ta zo ta koma ba ni a ciki, suka ga ɗa ya ɗauke ƙafa, sai suka ɗinka rigar ƙaryar da na faɗa muku a farko. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na sami ruwa na rasa ɗa, kuma sau da yawa ina zaune a gurbina ina tambayar kaina ko cinikin ya yi.

Da azumi ya kama muka ɗaga fatsa kamar yadda muka saba, don dattijo mai azumi ba ya zaman rana. Aka yi Salla, Babangida bai zo ba. Bayan Salla muka shiga Fijo da curin dusarmu muka nufi gulbi. Tun daga nesa na ga haske a inda ya kamata in ga inuwa. Da muka matsa na kasa gane wurin. An sare reshen giyayyar da ya kwanta a ruwa, an tumɓuke saiwoyin an tara su a tudu sun bushe, an nome ciyawar burugu tas. A daidai inda nake shimfiɗa tabarma an gina dakalin siminti mai faɗi, da matakala tana sauka har cikin ruwa, da ƙarfen riƙewa dama da hagu, har da 'yar rumfar kwano a sama. Aiki mai kyau, na wanda ya san aikinsa. Kuma muna tsaye sai ga wani masunci a jirgi ya zo daidai gurbina, ya juya birginsa ya watsa, ya janye shi lafiya lau ba abin da ya riƙe shi. Ya ɗaga mana hannu.

"Alhaji, Allah shi saka ma ɗanka da alheri! Ya gyara muna wuri!"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Gidan dumi saiwoyin nan ne, su ne abincinsa, su ne kuma katangar da ta hana raga shiga. Duk dusar da na zuba tun bara ta tafi a banza. Garin gyaran gira an rasa ido. Tsohon faɗana ya taso mini gaba ɗaya, na ce wa Malam Bello ya ba ni waya yanzun nan in ji wanda ya aiki yaron nan. Malam Bello ya sa wayarsa a aljihu ya dafe.

"Ba ni ba ka. Hwara tambayar Hadiza yadda anka yi, in ka ji, ka zagi wanda kaka so."

Na gode wa Allah da ya sa wayar a aljihun mai hankali take. Da na koma gida na sa aka kira Hadiza, washegari ta zo daga Rabah, tana ta sunkuyar da kai don ta san da maganar.

"Baba, shi da kainai yaz zo, cikin azumi. Wurina yas sabka, yac ce kar in hwaɗa. Kullum da sahe shi tahi da magina, shi wuni tsaye cikin rana da azumi bakinai. Saiwoyin, cewa yay yi in ka sake hwaɗawa su za su riƙe ma ƙahwa ƙasan ruwa, shi yas sa yac ce a hidda su dut. Matakalar sau biyu anka gina ta. Ta hwarko yac ce ta yi ma tsawo, yas sa anka rushe. Ni yas sa nir riƙa jan ƙahwa awa yadda kaka yi, ina hawa ina sabka, shina aunawa."

"Mi yah hana shi shigowa gida?"

"Yac ce kunya shika ji. Yac ce tunda ya kasa raba ka da ruwa, bari shi tabbata ruwa bai raba shi da kai ba."

Na sallame ta na shiga ɗaki, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Ina ta ganin mutum mai matsayi a Habuja, tsaye a laka da ƙishirwar azumi, yana kallon ƙanwarsa tana kwaikwayon tafiyar ubansu. Da na wanke fuska na ce wa Hajiya Inno ta kira mini shi, ta ba ni wayar a hannuna. Ya yi sallama kamar mai jiran hukunci.

"Na ga aiki," na ce.

"Baba, ya yi?"

"Ya yi. Matakalar daidai ƙahwata. Allah shi yi ma albarka, Allah shi ba ka masu yi ma."

Sai ya ce amin, amin, Baba, ya ce zai zo da Babbar Salla da yara.

Abokaina sun yi mini abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a lungun nan. Malam Bello ya ce in koma gurbinsa mu raba. Sani Tela ya ce a'a, nasa ya fi dumi, in ɗauka gaba ɗaya shi ya nemi wani. Na gode musu na ce ba inda za ni. Labarin faɗuwata bai kwana ba ya kai Habuja, to labarin cewa Alhaji Garba ya bar dakalin ɗansa ya koma laka ma ba zai kwana ba. Na ci gaba da zuba dusa a gaban matakala, masu birgi suna zuwa da sassafe suna kwashe abin da ta tara, in na zo in sami 'yan karfasa masu satar tuwo. Da suka ga na kafe, sai suka mai da dakalin wurin sallarmu da shan shayi. Sani Tela yakan bar gorarsa a gwafa ya zo ya zauna kusa da ni muna gardama. In dumi ya kama a gurbin wani, sai a ƙwala mini kira in zo in ga yadda ake yi, a miƙa mini gorar wai hannun mai ita ya gaji. Na san hannun kowa lafiya lau yake, ina karɓa in yi godiya. Irin waɗannan mutane ba a sayensu a kasuwa, Allah ne yake haɗa ka da su.

Da Babbar Salla Babangida ya zo da matarsa da 'ya'yansa, ya ci abincin uwarsa har ya nemi ƙari. Washegari ya ce zai raka ni gulbi. Ya zauna a gefen dakali da shaddarsa, ni da shi muna kallon totuwa, ita kuwa ko motsi. Muka daɗe a haka, kuma ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, ko da yake rabinta shiru ne. Can ya ce:

"Baba, kihin na nan dai?"

"Shina nan. Yau dai ba shi jin yunwa."

Malam Bello ya kama tari har sai da aka ba shi ruwa. Sani Tela ya ce ai ranar Salla ko kifi ya ƙoshi. Ba wanda ya tona, daga ranar har yau, kuma shekaru sun wuce.

To Babangida, na san za ka karanta wannan, gara ka ji daga gare ni. Tun ranar da aka zuba simintin nan dumi bai sake cin ƙugiyata a gurbin ba, ko guda, kuma ba zai sake ba. Na ɓoye maka ne don a lokacin in ka ji, kunya za ta sake kore ka, ni kuwa ban da ƙarfin rasa ka sau biyu. Yanzu na faɗa don ƙannenka da 'ya'yanka su san irin ɗan da aka ce ya yar da ubansa. Kuma na san halinka, don irin nawa ne: kada ka kuskura ka turo mini magina su gyara gyaran. Kifi na ci rabona, abokai suna ba ni aron nasu. Ni dai kullum da safe in na kama ƙarfen nan na fara sauka, ƙafata tana samun kowace matakala daidai inda take nemanta, sai in san akwai wanda ya tsaya cikin rana ya auna tafiyata. Ka bar mini dakalina yadda yake.